Kwanon Matar Tudu

Jawabin Torvald Ekvall a taron Ƙungiyar Tarihin Tolaryd, yankin Småland na ƙasar Sweden, ranar da aka shirya buɗe dutsen tunawa a kufan gidan soja

Shugabar wannan ƙungiya tamu, Gunnel Hultqvist. Ma'ajinmu Sixten Rydell da sauran 'yan kwamiti. Fasto Solveig, wadda aka ɗora wa coci biyar ita kaɗai amma ta samo mana wannan yammacin. Wakilin ƙaramar hukuma, wanda zai yafe mini rashin riƙe sunansa, domin kowace shekara sabo ake turo mana. Baƙinmu da suka ƙetaro teku daga Minnesota ta Amurka, a gabansu uwarsu kuma babbarsu Marlys, wadda ke zaune kusa da dutsen nan da igiya a kan cinyarta. Maƙwabtana, da tsofaffin ɗalibaina da na ga furfura ta fara cim musu. Maza da mata, manya da yara: ina gaishe ku duka, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga matan da suka tashi tun da sassafe suka gasa burodin kirfan da ƙamshinsa ke hana ku saurarena. Ina godiya ga mazan da suka sare ƙayar da ta cinye wannan kufai, har muka sake ganin dutsen murhu da bakin rijiya. Ina godiya ga Annelie mai fassara wa baƙi, tare da roƙo ɗaya: ki faɗa musu yadda na faɗa, kada ki tace. Ina kuma godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, ko da yake na san ba don an ƙosa a ji ni ba ne. Ni kaɗai na rage a Tolaryd da ke iya karanta rubutun fastocin da. Na yi karatun tarihi a Lund a zamanin da ake ɗaukar wannan sana'a ce. Makarantar da na koyar a cikinta yau ma'ajiyar tayoyin mota ce, kantin gari ya rufe, bas ta daina tsayawa, cocinmu sai an nemi mabuɗi. Abin da ya rage mana shi ne matattunmu. Su ma, kamar yadda za ku ji, mun fara ba da aronsu.

Ƙarƙashin wannan ƙyalle akwai dutse mai kyau, aikin hannu mai tsabta. An sassaƙa a jikinsa: "A nan Soja Jonas Dunder ya zauna, da ɗansa Soja Petter Dunder, kakannin zuri'ar Dunder ta Minnesota." Na tsaya a gabanku ne domin in faɗa muku cewa Petter ba ɗan Jonas ba ne, kuma in roƙe ku a bar wannan ƙyalle a inda yake. An ce in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, amma matar da zan yi magana a kanta an daɗe ana taƙaita ta.

Abu na farko, domin baƙinmu, da kuma domin 'yan garin nan da suka yi barci a ajina. A zamanin da, sarki ba ya ciyar da soja daga aljihunsa. Manoman unguwa ne ke haɗuwa, su gina ɗan gida, su yanki 'yar gona mai duwatsu, su ajiye mutum guda da zai tafi yaƙi a madadin 'ya'yansu. Mu kuwa a lokacin ba mu da sunan dangi. Ɗan Anders shi ne Andersson, ɗan Sven shi ne Svensson, in kyaftin ya kira suna ɗaya sai rabin runduna ta amsa. Saboda haka aka ba kowane soja gajeren suna na aiki. A wannan yanki namu, sunan yakan zauna da gidan ne, ba da jinin ba. Soja ya mutu ko ya tsufa, sai manoma su nemo wani saurayi, a ba shi kakin, a ba shi bindigar, a ba shi gidan, a ba shi sunan. Maza da dama sun zauna a wannan kufai suna amsa Dunder, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya haifi wani a cikinsu. Suna ne kamar hular aiki: wanda ya shigo ya sa, wanda ya fita ya rataye.

To, ina iyalin wanda ya fita? Wannan shi ne abu na biyu, kuma shi ne wanda ba a son ji a ranar biki.

Jonas Dunder ya mutu a shekarar 1857, lokacin da ciwon atini ya bi gidajen Tolaryd. Ya bar mace mai suna Kajsa-Lena da 'ya mace guda da ta rayu, Lovisa, wadda ba ta isa kiwon tumaki ba. Gidan ba nasu ba ne, na aikin ne. Kafin ƙanƙara ta gama narkewa, manoma sun samo sabon soja, Petter Svensson, ɗan wani Sven daga gundumar da ke bayan tafki. Wani lokaci sabon soja yakan auri matar wanda ya gada, kowa ya huta. Petter kuwa yana da budurwarsa. Saboda haka Kajsa-Lena ta naɗe shimfiɗarta, ta ɗauki tukunyarta, ta fita ta ƙofar da kuke gani an jera duwatsunta a can.

Ba ta yi nisa ba. Ku ɗaga kai ku duba tudun nan na bayan Sixten, inda tsohon itacen tuffa ya karkata. A gindinsa akwai rami. An haƙa shi a jikin tudu, bango uku na dutse, rufin ƙasa. A nan ta zauna. Daga bakinsa ana ganin hayaƙin wannan murhu. Lovisa kuwa an kai ta zauren coci ranar gwanjon marayu, inda ake miƙa yaro ga wanda ya nemi mafi ƙarancin abin riƙo daga hukumar gari. Wani manomi ya tafi da ita. Kajsa-Lena ta yi shekara goma a cikin ramin nan, tana kaɗi tana wa mutane wanki, har babbar yunwa ta zo, shekarun da kakanninmu suka niƙa ɓawon itace suka gasa. Ta mutu cikin sanyin shekarar 1868. Fasto ya rubuta dalilin mutuwarta da kalma ɗaya, kuma ba sai na karanta muku ba. Shekara guda bayan haka Petter ya sami sallama, ya kwashi iyalinsa da sunan Dunder, ya hau jirgin ruwa.

Ban ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin wannan ba. Fastocinmu na da sukan bi gida gida kowace shekara su gwada karatun mutane, su rubuta wanda ke cikin gida, da wanda ya shigo, da wanda ya fita da inda ya nufa. Wanda ya bar gida, sai a ja layi a kan sunansa. A shafin wannan gida, an ja layi a kan Jonas, an ja a kan Kajsa-Lena, an ja a kan Lovisa. A ƙasansu, da wata tawada dabam, an rubuta Petter Dunder. An ɗauki hotunan waɗannan littattafai an ɗora a intanet, kowa na iya gani daga ɗakinsa.

Abu na uku shi ne yadda aka mai da mai gadon gida ɗan gida.

Wani mutum, a wani wuri, ban san shi ba kuma ban tsane shi ba, ya buɗe wannan shafi. Ya ga Dunder a sama, ya ga Dunder a ƙasa, shekarunsu sun dace da uba da ɗa. Ya duba littafin haihuwa, sai ya ga Jonas da Kajsa-Lena sun taɓa haihuwar yaro mai suna Petter. Murna ta kama shi, ya haɗa su. Bai buɗe littafin mutuwa ba. Da ya buɗe, da ya ga Petter ɗin Kajsa-Lena bai kai yaye ba aka binne shi. Ya ɗora salsalarsa a ɗaya daga cikin shafukan nan da ake zana dangi kamar bishiya mai rassa. Na'ura ta nuna wa na biyu, na biyu ya danna, ta nuna wa na uku, na uku ya danna. Yau ɗaruruwan salsala suna faɗin abu ɗaya, kuma a cikinsu duka an rubuta cewa Kajsa-Lena ta rasu a gidan ɗanta, cikin jikokinta. Lovisa kuwa babu ita a yawancinsu. Ba ta je Amurka ba, saboda haka ba ta da amfani.

Yawancinku kun san abin da ya sa wannan ya shafe ni. Lovisa ita ce kakar mahaifiyar matata, Majken, wadda muka binne a watan Fabrairu.

Shekaru da yawa da suka wuce Majken ta sami wasiƙa daga Minnesota. Marlys ce ta rubuto, ta ce wani ɗan ƙaninta mai kula da shafin danginsu ya gano cewa ita da Majken jini ɗaya ne, duka daga Jonas da Kajsa-Lena. Majken ba ta da wa, ba ta da ƙanwa, mu kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Ta shigo kicin da wasiƙar cikin murna. Na ce, "Kawo in duba littattafan." Ta ɓoye takardar a bayanta, ta ce, "Kai dai, tsoho! Ba ka taɓa ganin abu mai daɗi ka ƙyale shi ba. An ba ni 'yar'uwa, ka bar mini abata." Na bar mata. Suka yi ta rubuta wa juna da hannu, domin Marlys ba ta yarda da kwamfuta ba, kuma a nan na fara girmama ta. Sun san ciwon gwiwar juna, sun san sunan kyanwar juna. Majken ta saƙa mata safa, ita ta aiko mana da bargon da har yanzu yake kan kujerar Majken.

Sai baƙinmu suka yanke shawarar kafa dutse, kwamiti ya ce in tabbatar da shekarun haihuwa da mutuwa. Na buɗe hotunan littattafan a kwamfuta a kan tebur ɗinmu, Majken na zaune gefena tana feraye dankali. Da na yi shiru ya yi yawa, ta ce, "Me ka gani? Wannan shirun naka na san shi." Na nuna mata layukan da aka ja. Na nuna mata jaririn a littafin mutuwa. Ta ajiye wuƙar, ta daɗe tana kallon allon. Sai ta ce, "Wato sun tono wa Kajsa-Lena jaririnta daga kabari, sun sa masa kaki, sun tura shi Amurka. Ita kuma sun zaunar da ita a bakin murhun da aka kore ta daga gare shi." Ban taɓa jin wani farfesa a Lund ya faɗi abu daidai kamar haka ba.

A lokacin cutar da ta yi ajalinta ta riga ta kama ta. Duk da haka ta ce za ta gyara. Na fassara mata shafukan, ta yanko hotunan, ta ɗora, ta rubuta bayani cikin ladabi irin nata. Ta gyara yau, gobe wani ya mayar. Ta sake gyarawa, na'ura ta aiko mata da saƙo cikin fara'a cewa ta gano mata sabon kaka, wato kuskuren nan ne dai ya dawo yana gaishe ta. Ta rubuta wa ɗan ƙanin Marlys. Ya amsa da kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce ya gode ƙwarai, amma salsala masu yawa sun yi ittifaƙi a kan nasa, tata kuma guda ɗaya ce. Jama'a, wannan shi ne ilimin zamaninmu: ba a tambayar wa ya gani, ana tambayar mutum nawa suka kwafa. Mace ɗaya marar lafiya da littafin fasto a gefe guda, taron masu dannawa a ɗaya gefen. Kun san wanda ya yi nasara.

Na ce mata, "Ki rubuta wa Marlys kai tsaye mana, ita ce babba." Ta ce, "In ta daina rubuto mini fa?" Na ce ba za ta daina ba. Ta ce, "Ka sani ne, ko a littafi ka gani?" Ban sani ba. Ta ci gaba da fara kowace wasiƙa da "'yar'uwata", tana gamawa ta koma kwamfuta ta cire Petter daga ƙarƙashin Kajsa-Lena. Abu biyun nan ta riƙe su tare har ƙarfinta ya ƙare, kuma ban ga wanda ya isa ya ce mata ta yi kuskure ba.

Abu na huɗu gajere ne, domin ya shafi kwamiti, kuma kwamiti ya saba da gajerun abubuwa. Na kawo maganar a zama. Sixten ya ce, "Haba Torvald, mutanen nan sun mutu tun kafin a kawo wutar lantarki garin nan. Wa zai kai mu ƙara?" Gunnel ta ce, "Kada mu ɓata wa baƙi rai, sun yi mana niyyar alheri. A ɗage zuwa zama na gaba." Kun san mu. Mu ba ma cewa a'a, mu ɗagewa muke yi. Aka ɗage, aka sha kofi. Zama na gaba ina asibiti ina jinyar Majken, na bayansa ina asibiti. Da na dawo daga binne matata, na tarar an sassaƙa dutsen. Ba na zargin kowa da mugunta. Gunnel ta kawo mini miya har gida makonni da dama, Sixten ya kwashe mini ƙanƙarar ƙofa ba tare da na roƙa ba. Mutanen kirki ne. Manoman da suka fitar da Kajsa-Lena ma mutanen kirki ne, ƙa'ida suka bi, kuma na tabbata sun taya ta ɗaukar tukunya.

Kafin Majken ta tafi ta bar mini aiki. Ta ce, "Marlys za ta zo buɗe dutsen, ni ba zan kai ba. Ka gaya mata. Amma a zaune, da kofi a gabanta, ba ta waya ba. Kuma don Allah, tsoho, kada ka yi mata lacca." Na ce, "Yaushe na taɓa yi wa mutum lacca?" Ta ce, "Tun ranar da na aure ka nake cikin aji, har yau ba a tashi ba."

Jiya da safe Marlys ta zo gidana, Annelie na taimaka mana inda harshe ya gaza. Ta fara zuwa kabarin Majken, sannan ta zauna a kicin ɗinmu, ta ga bargonta a kan kujera, ta shafa shi. Na zuba mata kofi. Na gaya mata. Na yi ƙoƙari kada ta zama lacca, Annelie ce shaida ko na iya.

Marlys ta ture kofin gefe. Sannan ta ce, "Majken ta sani?"

Na ce ta sani.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ta kwanta."

"Kuma ta ci gaba da ce mini 'yar'uwa?"

"Har wasiƙar ƙarshe."

Ta ce, "Wawuyar mace. Ta ɗauka don wani Jonas nake rubuta mata?" Ta share ido da bayan hannu, ta buga sandarta a ƙasa, ta ce, "Tashi ka kai ni inda matar ta zauna."

Na ce mata hawan tudu ne, ga gwiwarta. Ta ce, "Ni na haye teku da wannan gwiwar, malam, kai dai ka kula da taka." Muka zo nan, muka hau a hankali, muna tsayawa muna hutawa. Da muka isa gindin tuffar, ta leƙa ramin, ta juyo ta dubi wannan kufai daga can. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta kama hannuna, ta ce, "Wannan ai tudu ne."

Na ce tudu ne.

Ta ce, "Torvald, a gidanmu, tun ina yarinya, duk jajibirin Kirsimeti in an dafa faten shinkafa da madara, kafin kowa ya ɗanɗana sai an ɗebi kwano ɗaya an ajiye a waje bakin ƙofa. Maƙwabtanmu 'yan Sweden su ma suna ajiyewa, amma su cewa suke na ɗan aljanin gida ne mai jar hula. Mu a gidanmu ba haka ake cewa ba. Kakata cewa take, wannan na matar tudu ne. Na tambaye ta wace ce matar tudu, ta ce ita ma haka ta taras, surukarta ta ce kada a kuskura a ci kafin a fitar da nata. Mu kuma garinmu shimfiɗaɗɗe ne kamar tebur, ko tudun tururuwa babu. Muka ɗauka tatsuniya ce. Har bara na ajiye."

Jama'a, ni mutumin littafi ne, kuma dole in faɗa muku iyakar abin da na sani. Babu fasto da ya rubuta wannan. Ba zan iya tabbatar da cewa matar Petter takan hau tudun nan da kwano a hannu ba. Ban sani ba ko kullum take kaiwa, ko sau ɗaya a shekara don ta samu ta yi barci. In ma kullum ne, bai isa ba, domin Kajsa-Lena ta mutu da abin da ta mutu da shi. Na yi shekara biyu ina jin haushin Petter Svensson da amaryarsa, kuma ban shirya dainawa gaba ɗaya ba. Amma ga abin da nake gani. Wata yarinya ta kwana a gadon da aka tashi wata mace daga kansa, ta san hakan, bai bar ta ta huta ba, har ta ɗauke shi ta ƙetare teku da shi, ta ɗora wa surukarta, surukar ta ɗora wa tata. Fiye da shekara ɗari da hamsin ana fitar da kwano cikin ƙanƙarar Minnesota domin matar da aka manta sunanta. Wannan shi ne gadon gaskiya na gidan Dunder, kuma ya fi kakan aro daraja. Salsalar intanet kuwa ta shigar da matar cikin ɗaki, ta zaunar da ita kan teburin, ta ce babu wanda ke waje. In babu wanda ke waje, wa ake fitar wa kwano?

Abin da ya hana ni sukuni tun jiya shi ne wannan: da Majken ta rubuta wasiƙa ɗaya, da ta ji wannan labari da kunnenta. Ta mutu tana tsoron cewa gaskiya za ta raba ta da Marlys, alhali gaskiyar ce kaɗai abin da ya haɗa gidajensu tun asali. Ta yi ta kai ƙara gaban na'urar da ba ta da kunne, amsar kuwa tana hannun tsohuwar da take saƙa wa safa. Babu littafin da zan buɗe in gyara wannan.

Ba zan yaudare ku ba, intanet ta fi ƙarfina. Zan ci gaba da cire Petter daga ƙarƙashin Kajsa-Lena duk lokacin da na gan shi, saboda Majken, kuma za a ci gaba da mayar da shi, kuma ranar da na mutu shi ke nan, ya zauna. Ga masu neman asalinsu a cikinku, roƙona kaɗan ne. Kafin ku danna, ku buɗe shafin da idonku. In kun ga haihuwa, ku nemi mutuwa. In kun ga an ja layi a kan suna, ku tambayi inda mai sunan ya tafi, domin mutum ne, ya tafi wani wuri, ya ji sanyi a can. Wannan ke nan, kuma na san iska na faɗa wa.

Amma dutse ba intanet ba ne. Dutse ɗaya ne, a garinmu yake, kuma mai sassaƙa yana da rai. Ina roƙon kwamiti, a gaban jama'a domin kada a ɗage, a mayar da shi a goge "ɗansa". A rubuta Jonas, a rubuta Petter wanda ya gaje shi, kowa da ubansa. A ƙara Kajsa-Lena, a ƙara Lovisa, a ƙara jaririn da bai kai yaye ba, a bar shi ya koma kabarinsa. Sixten, na ga kana lissafi a zuciyarka. Ka bari sai gobe.

Marlys aka ba igiyar buɗewa. Ta ce in sanar da ku cewa ba za ta ja ba. Ta ce in an gyara, in tana da rai za ta dawo, in ba ta da rai a ja a madadinta. Kuma kun ga abin da ke rufe da tawul a ƙarƙashin kujerarta. Da safen nan ta dafa shi a kicin ɗina, a tukunyar Majken, ta ƙona mini gindin tukunyar kuma ba ta nemi afuwa ba. Na ce mata ai yanzu Agusta ne, Kirsimeti da saura. Ta ce, "Matar ta jira ya isa." Saboda haka in na sauka, kafin kowa ya taɓa kofi ko burodi, za mu hau tudu. Wanda ke da ƙafa ya biyo mu. Ni zan riƙe mata hannu, ita za ta riƙe kwanon, kuma yau za ta kira sunan.

Allah ya ji ƙan Jonas, wanda ya mutu bai san inda iyalinsa za su kwana ba. Allah ya ji ƙan Petter da amaryarsa, ya duba kwanon, ya yafe sauran. Allah ya ji ƙan Lovisa, wadda aka yi gwanjonta ta rayu, har aka sami Majken. Allah ya ji ƙan Kajsa-Lena, ya ba ta gidan da ba a fitar da mutum daga cikinsa. Majken kuwa, Fasto Solveig, ke kin fi ni kusa da inda ake jin addu'a: ki roƙa a gaya mata ba a daina rubuto mata ba. Allah ya mai da baƙinmu gida lafiya, ya tsare wannan gari da 'yan mutanen da suka rage a cikinsa, ya sa in an ja layi a kan sunayenmu a sami mai tambayar inda muka tafi.

Na gode.